Filin Tambaya da Amsa: Kafin Ka Sayi Keris Ta Farko

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato keris, wuƙar gargajiya ta mutanen Indonesiya da Malesiya da Burunai da kudancin Tailan, wadda a shekarar 2005 hukumar UNESCO ta sanya irinta ta Indonesiya a jerin fitattun al'adun da ɗan Adam ya gada. Na zaɓi takwas daga cikinsu, na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, kuma na sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina kallon hotunan keris, har sha'awarta ta sa na tara ɗan kuɗi domin in fara ajiye nawa. Sai dai duk dillalin da na tuntuɓa yakan ce tasa ce ta gaske, ta sauran kuwa jabu ce. Da wace iri ya dace in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ta farko ba za ta yi maka daɗi ba, domin cewa zan yi ka bar kuɗin nan a inda suke na wasu watanni, ka fara tara sani kafin ka tara ƙarfe. Wanda bai san sunayen sassan keris ba, ba zai iya yi wa dillali tambayar da za ta sa ya gyara zama ba, kuma dillali yakan gane baƙo tun daga tambayarsa ta farko.

Keris gaɓoɓi uku ce manya. Akwai ruwan wuƙar, wanda mutanen tsibirin Jawa na Indonesiya suke kira wilah, akwai ƙota, wadda ake kira hulu ko ukiran, sannan akwai kube, wato warangka. A gindin ruwan akwai wani guntun ƙarfe da yake kwance a gicciye, ana ce masa ganja, kuma ta cikinsa ne siririn ƙarfen da ake kira pesi yake ratsawa ya shige cikin ƙota. Tsakanin ƙota da ganja akan sa ɗan zobe mai suna mendak, jikin kuben kuma sau da yawa akan suturta shi da rigar tagulla ko azurfa, wato pendok. A wurin masana ruwan wuƙar shi ne keris, sauran duk tufafi ne da ake iya sauyawa, kuma ana sauya su ɗin, domin itace yana tsufa ya fashe alhali ƙarfen yana nan. Saboda haka tsohon ruwa a cikin sabon kube ba aibi ba ne, muddin mai sayarwa ya faɗi hakan da bakinsa.

A kan ruwan abu biyu ake fara dubawa. Na ɗaya shi ne dapur, wato siffar ƙirar: miƙaƙƙiya ce ko mai lanƙwasa, kuma waɗanne sassaƙe-sassaƙe ne a gindinta. Kowace siffa da sunanta, kamar Brojol da Tilam Upih a cikin miƙaƙƙu, ko Sengkelat mai lanƙwasa 13. Na biyu shi ne pamor, zanen nan mai fari-fari da yake malale a jikin ƙarfen. Ba rubuta shi aka yi a sama ba, a cikin ƙarfen yake. Maƙerin, wanda ake girmamawa da laƙabin empu idan ya ƙware, yakan jera baƙin ƙarfe da wani ƙarfe mai nikel, ya gasa su a wutar gawayi, ya doke su har su haɗe, ya ninke ya sake dukawa sau da dama, daga ƙarshe ya sa faifan ƙarfe mai tauri a tsakiya domin shi ne zai ɗauki kaifi. Idan aka goge, sai hawa-hawan nan su bayyana a matsayin zane. Wanda ya fi yawa shi ne beras wutah, ma'ana shinkafar da ta zube, sai irin su udan mas, ruwan saman zinariya, da kulit semangka, ɓawon kankana.

Idan ka riƙe wannan, to ga amsar tambayarka kai tsaye. Ka fara da sabuwar keris mai kyawun aiki wadda aka sayar maka a matsayin sabuwa. Waɗanda aka ƙera bayan shelar 'yancin Indonesiya a 1945 ana kiran su kamardikan, kuma har gobe ana ƙera su a biranen Surakarta da Yogyakarta na Jawa da kuma tsibirin Bali, musamman kuma a ƙauyen Aeng Tong-tong da ke yankin Sumenep a tsibirin Madura, inda sana'ar ta zama abincin gari. Wasu masu tarawa suna raina su, ni kuwa ban ga dalili ba. Sabuwar keris tana nuna maka yadda kowane sashe yake tun kafin tsatsa da wanki su cinye shi, kuma idon da ya saba da cikakkiyar ƙira shi ne yake gane abin da ya ɓace a jikin tsohuwa. Ban da haka, babu wanda zai cuce ka a kan shekarunta.

Abu na ƙarshe, ka zaɓi yanki ɗaya ka tsaya a kansa na shekara ɗaya ko biyu, ko Surakarta ne, ko ƙasar Bugis ta tsibirin Sulawesi, ko gabashin Malesiya. Keris biyar daga al'ada ɗaya suna koya wa mai su abin da guda ashirin da aka tsinto daga ko'ina ba za su koya masa ba. Idan kuma Allah ya ba ka ikon tafiya, gani ya kori ji: akwai gidan tarihin Keris Nusantara a Surakarta wanda aka buɗe a 2017, akwai gidan tarihin ƙasa a Jakarta da na Kuala Lumpur, akwai kuma tarin da ke Leiden da Amsterdam a ƙasar Holan.

Tambaya: Wani ya tallata mini keris, ya ce tun zamanin daular Majapahit take, kuma da dutsen da ya faɗo daga sama a Prambanan aka yi zanenta. Har takardar shaida ya aiko mini. Shin in amince?

Amsa: Alhaji, maganar mutumin nan ita da kanta ta ƙaryata kanta. An kafa Majapahit a tsibirin Jawa a 1293, kuma ta gama rushewa a farkon ƙarni na 16. Dutsen Prambanan kuwa a ƙarni na 18 labarinsa ya fito, a ƙarshen ƙarnin aka kai shi fadar Surakarta, inda ragowarsa take ajiye har yau. Tsakanin ƙarshen daular da samuwar dutsen akwai fiye da shekara 200. Ko da babu wannan tazara, dutsen dukiyar fada ne da ba kowane maƙeri yake samu ba. Yawancin pamor da ƙarfen ƙasa aka yi shi, irin wanda ake kawowa daga Luwu a tsibirin Sulawesi, daga baya kuma aka shiga amfani da nikel na masana'anta. Ido kaɗai ba ya iya tabbatar da cewa farin da ke jikin wata keris daga sama ya faɗo.

Babu shakka keris tsohon abu ne. Ma Huan, tafintan da ya bi ayarin jiragen Zheng He na ƙasar Sin a farkon ƙarni na 15, ya rubuta cewa a Majapahit kowane namiji, daga ɗan shekara uku har tsoho tukuf, yana soke da wuƙa a ɗamararsa. A wurin bauta na Sukuh da ke gangaren dutsen Lawu, wanda shi ma na ƙarni na 15 ne, akwai sassaƙen maƙera a jikin dutse, ga mai zuga wuta, ga mai ƙira. Amma yawan keris ɗin da ake tallatawa yau da sunan Majapahit ya wuce hankali, kuma a nan ne ya kamata ka fahimci kalmar tangguh.

Tangguh hanya ce da masanan Jawa suke bi su danganta ruwan keris ga wani zamani ko wata daula, kamar Pajajaran ko Majapahit ko Tuban ko Mataram, ta hanyar duba launin ƙarfe da nauyinsa, da yanayin lanƙwasa, da siffar ganja, da yadda pamor ya zauna. Ilimi ne na gaske mai ƙa'idoji, amma kalmar kanta kintace take nufi. Idan masani ya ce keris tangguh Majapahit ce, abin da ya faɗa shi ne salonta ya yi daidai da abin da aka sani na wannan rukuni. Bai rantse cewa an ƙera ta a shekara kaza ba, kuma masana biyu sukan saɓa a kan wuƙa ɗaya. Takardar da aka aiko maka, in ma ta gaskiya ce, ra'ayin wanda ya sa mata hannu take ɗauke da shi. Ka tuna keris ɗin Yarima Diponegoro, jagoran Yaƙin Jawa na 1825 zuwa 1830, wadda Holan ta mayar wa Indonesiya a watan Maris na 2020. Tana da takardun gidan tarihi, masana na ƙasashe biyu sun bincike ta, duk da haka sai da aka yi ta ja-in-ja a Indonesiya a kan ko ita ce ainihin wadda ake nufi. Idan wannan ta sha gardama, ina ga wadda aka aiko maka hotonta ta waya?

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami a farkon shigata. Na sayi wata daga hannun wani dillali saboda jikinta duk ya zaizaye, na ɗauka tsufa ne. Da na nuna wa wanda ya fi ni sani, bai ɗauki minti biyu ba ya nuna mini cewa zaizayar iri ɗaya ce tun daga tsini har gindi, har da pesi da yake ɓoye a cikin ƙota, alamar an jiƙa ta a ruwa mai cin ƙarfe ne domin ta yi kama da tsohuwa. Tsufa na gaskiya ba ya cin ƙarfe bai-ɗaya. Ya fi cin baki da tsini da ƙananan haƙoran gindi, ya bar wuraren da suke da kauri.

Don haka ka nemi a zare ƙotar a ɗauko maka hoton pesi, da hoton ganja daga sama, da na fuska biyu na ruwan a hasken rana. Ka duba ko zanen pamor ya ratsa cikin ƙarfen, domin a jabu mafi arha da sinadari ake zana shi a sama kawai. Sannan ka yi wa kanka tambaya ɗaya: da ba a ba ni wannan labari ba, zan biya wannan kuɗi a kan wannan ƙarfe? Idan amsar a'a ce, labari ake sayar maka.

Tambaya: Gaskiya ne cewa keris mai lanƙwasa ta fi miƙaƙƙiya daraja, kuma yawan lanƙwasa shi ne yawan tsada?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, Malama. Miƙaƙƙun keris suna da yawa ƙwarai, wasu daga cikin waɗanda aka fi girmamawa ma miƙaƙƙu ne. Lanƙwasar, wadda ake kira luk, kullum wutiri ake ƙirga ta, 3 ko 5 ko 7 har zuwa 13, abin da ya haura haka kuma a Jawa ana ɗaukar sa a matsayin wanda ya fita daga tsarin da aka saba. Abin lura shi ne yadda aka yi lanƙwasar. Ta asali a wuta ake tanƙwara ta, shi ya sa zanen pamor yake bin ta yana karkata tare da ita. Idan kin ga zanen ya tafi samɓal alhali bakin wuƙar yana lanƙwashewa, to miƙaƙƙiya ce aka zuge ta da zarto domin a ƙara mata kuɗi.

Tambaya: Yaya zan bambanta keris ta Jawa da ta Malesiya ko ta Bali? A idona duk kamanninsu ɗaya.

Amsa: Ka fara daga tufafin, ɗan'uwa, domin sun fi ruwan saurin faɗin asalinsu. Tun da yarjejeniyar Giyanti ta 1755 ta raba daular Mataram gida biyu, fadar Surakarta da ta Yogyakarta kowacce ta raini nata salo. A Surakarta kuben bikin da ke da baki mai faɗi kamar kwalekwale sunansa ladrang, takwaransa na Yogyakarta kuma branggah, sannan dukansu suna da gayaman, mai dunƙulallen baki, na sawar yau da kullum. Ƙotar waɗannan fadoji biyu kusan lami take, sai 'yan sassaƙa biyu ƙanana a cikinta, kuma masana da yawa suna danganta ɓoyewar siffar mutum a jikinta da shigowar Musulunci. Bajawe a bayansa yake soke keris ɗinsa idan ya yi shigar biki.

Ta Bali ta fi ta Jawa tsawo da kauri, ruwanta a goge yake sumul, ƙotarta kuma sau da yawa mutum-mutumi ce a fili, wani lokaci da zinariya da duwatsu masu daraja. Ta Bugis, mutanen kudancin Sulawesi da suka bazu da fatauci har gaɓar Sumatra da Malesiya, gajera ce kakkaura, ƙotarta a tanƙware kamar mariƙin ƙaramar bindiga, bakin kubenta mai kusurwa, ƙasansa kuma da ɗan takalmi da ake kira buntut. A ƙasar Malayu za ka yawaita jin sunan Jawa demam, ƙota mai siffar mutum a tsugune ya rungume hannu a ƙirji, wadda ma'anar sunanta Bajawe mai zazzaɓi. A Pattani ta kudancin Tailan da Kelantan ta Malesiya kuma akwai tajong, mai dogon hanci kamar bakin tsuntsu, wadda a ganina tana cikin mafi kyawun sassaƙar da aka taɓa yi wa makami. Itacen kemuning mai walƙiya shi aka fi so a wannan ɓangare, a Jawa kuwa timoho mai ɗigo-ɗigon baƙi da itacen sandal. Akwai kuma keris panjang, doguwa siririya ta Sumatra da Malesiya, wadda a da ake zartar da hukuncin kisa da ita, yanzu kuma tana cikin kayan sarautar sarkin Malesiya.

Sai dai a yi hattara da abin da masu tarawa suke gani kullum, wato haɗin gambiza. Ruwan Jawa a cikin kuben Bugis abu ne da ya faru a tarihi, domin ruwan keris kayan fatauci ne da ya yi yawo a tsibirai. Amma idan an sassaƙa kube domin wani ruwa, ganja takan zauna daram a bakinsa, ba ta nutse ba, ba ta yi tsalle ba, babu kuma giɓi a gefe. Idan ka ga tana rawa ko an cusa takarda a cike gurbi, to jiya-jiya aka aurar da su domin kasuwa.

Tambaya: Na gaji keris ɗaya daga mahaifina, ya samo ta ne a wata tafiya. Ta yi tsatsa, zanenta ba ya fita. Zan iya goge ta da takardar yashi in shafa mata mai?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinki, Hajiya. Kada takardar yashi ko injin gugar ƙarfe ya kusance ta, domin abin da suka cire ba ya dawowa. Ki fara zare ƙotar a hankali, kina murɗawa kina ja. A Jawa da tsumma ko zare ake naɗe pesi a cusa, don haka takan fita ba wuya. Idan ta ƙi, wataƙila da ƙaro aka liƙe ta ko tsatsa ta riƙe ta, sai a ɗan ɗumama gindin ruwan a sake gwadawa. Ƙarfi a nan yana fasa ƙota ko ya karya pesi.

Hanyar gargajiya ita ce a wanke maiƙon da ke jiki, a jiƙa ruwan wuƙar kaɗai a cikin ruwan kwakwa da ya yi tsami ko ruwan abarba na wasu kwanaki, kullum ana fito da shi ana cuɗawa da buroshi mai taushi, har tsatsar ta saki ƙarfen ya yi fari. Daga nan a ɗauraye sosai, a busar da shi sarai, domin ɗan danshin da ya maƙale a ƙarƙashin ganja ya isa ya dawo da tsatsa. Mataki na gaba shi ne wanda yake fito da zane, ana kiran sa warangan: ana haɗa ma'adinin arsenik da ruwan lemon tsami a shafa, sai baƙin ƙarfe ya yi baƙi, mai nikel kuma ya tsaya fari. Arsenik guba ce mai kisa, kuma ban yarda wanda bai koya a hannun gwani ba ya taɓa wannan aiki a gida, balle gidan da yara suke. Keris da aka tsabtace aka shafa mata mai ba ta rasa komai ba don ba a baƙanta ta ba.

Man da ya dace shi ne mai sauƙi irin na keken ɗinki. A Jawa sukan ƙara masa turaren sandal ko na yasmin, wannan kuwa ƙamshi ne kawai. A shafa kaɗan, a goge ragowar, kuma a naɗe ruwan da siririyar leda kafin a mayar da shi kube domin kada man ya ɓata itacen. Kada a riƙa taɓa ƙarfen da yatsa, gumi yana barin tabo. Itacen ma yana da nasa haƙƙi, domin a ƙasa mai laima aka sare shi, idan ya zauna a busasshiyar iska ko rana ta doke shi sai ya tsage. Wanki mai zurfi kuma ba na kowace shekara ba ne. A Jawa akan wanke kayan gado a watan Sura, wato Muharram, kuma maimaita wannan shekara da shekaru shi ya sa tsofaffin keris da yawa suka rame suka zama kamar ganye.

Tambaya: Idan na saya daga Indonesiya ko Malesiya, akwai dokar da za ta hana a aiko mini?

Amsa: Akwai, Malam, har kashi uku, kuma gara ka bincika tun kafin kuɗi su bar hannunka. Na farko dokar kayan tarihi. Dokar Indonesiya mai lamba 11 ta shekarar 2010 ta tanadi cewa abin da ya kai shekara 50 kuma yake da muhimmanci ga tarihi ko al'ada ana iya ayyana shi kayan gadon ƙasa, irin wannan kuwa ba ya fita sai da izinin minista. Malesiya ma tana da dokar kayan gado ta 2005 da take neman lasisi kafin a fitar da su. Wannan ƙarin dalili ne da ya sa na fifita sabuwar keris ga mai farawa, ko kuma tsohuwar da ta daɗe da barin ƙasar kuma take da takardun gwanjo da suke nuna hannun da ta bi.

Na biyu, kuma wanda ya fi kama mutane, shi ne kayan da aka yi ƙota da su. Hauren giwa, da turmin haƙorinta, da haƙorin dorina, da na dabbobin teku, da baƙin murjani, duk suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kayyade cinikin dabbobi da tsirran da ke barazanar ƙarewa, wadda ta fara aiki a 1975, kuma wasu ƙasashe sun ƙara tsanantawa, kamar Birtaniya da dokarta ta hauren giwa ta fara aiki a 2022. Jami'in kwastan ba zai tsaya sauraron cewa ƙotar ta girmi kakanka ba idan babu takarda. Hauren giwa ana gane shi da siraran layuka masu gicciye da juna a inda aka yanke shi, ƙashi kuma da ƙananan ɗigo baƙaƙe. Mai farawa ya tsaya a kan itace da ƙahon ɓauna ya huta.

Na uku dokar makamai ta ƙasar da kake zaune da kuma sharuɗɗan kamfanin da zai ɗauko kayan, tunda wasu ba sa karɓar wuƙa ko wace iri ce. Ka sa a rubuta gaskiyar abin da ke cikin kunshin. Dillalin da ya ce zai rubuta wani abu daban domin ya wuce, da kuɗinka yake caca.

Tambaya: Na ji ana cewa keris tana da aljani ko wani ƙarfi na ɓoye. Ni Musulmi ne, abin ya sa ni shakka.

Amsa: Shakkarka tana da tushe, ɗan'uwa, domin imanin yana nan kuma ba a ɓoye yake ba. Mutane da yawa a Jawa da ƙasar Malayu sun ɗauka cewa keris tana da tuah, wato sa'a ko tasiri, cewa wani pamor yana jawo arziki, wani kuma bai dace da kowa ba. Ana ba manyan keris suna da laƙabin Kyai kamar dattawa. Tatsuniyoyinsu ma cike suke da wannan, daga keris ɗin maƙeri Empu Gandring da aka ce ya la'ance ta kafin ya cika bayan Ken Arok, wanda daga baya ya zama sarki a Jawa, ya soke shi da ita, zuwa Taming Sari ta jarumi Hang Tuah, wadda ake dangantawa da kayan sarautar jihar Perak ta Malesiya. Har a ciniki za ka ji alamar abin, domin da yawa ba sa cewa farashi, sai su ce mahar, wato sadaki, kamar aure ake ƙullawa tsakanin wuƙa da sabon mai ita.

Musulmin can su ma sun rabu a kai. Akwai masu riƙe da waɗannan al'adu, akwai malamai da suke kallon jingina amfani ko cuta ga ƙarfe a matsayin shirka, akwai kuma jama'a masu yawa da suke ajiye keris a matsayin gadon iyaye da gwanintar ƙira kurum. Ni a rukuni na uku nake, hukunci kuwa ka nema a wurin malaminka. Abin da zan ƙara ta fuskar ciniki shi ne, tasirin ɓoye ba a auna shi, don haka shi ne abin da mayaudari ya fi son sa wa kuɗi.

Ladabi kuma daban yake da imani. Idan ka ziyarci mai keris, kada ka zare ta sai ka nemi izini, kada ka nuna kowa da tsininta, kada ka tsallake ta, kuma idan kai ka zare to kai za ka mayar. Wanda ya kiyaye wannan, masu abin sukan buɗe masa akwatunan da ba sa buɗe wa kowa.

Tambaya: Ban da keris, akwai wasu wuƙaƙen yankin da suka cancanci a tara?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malama, kuma labaran ƙarya sun fi ƙaranci a kansu. Akwai rencong ta lardin Aceh da ke arewacin Sumatra, mai ƙota a tanƙware, wadda mutanen can suke cewa siffarta tana kwaikwayon rubutun Bismillah, har ana yi wa lardin kirari da ƙasar rencong. Akwai badik ta Bugis da Makassar mai baki ɗaya, wadda sau da yawa take da pamor irin na keris, don haka tana da kyau ga mai son koyon zanen ƙarfe. Akwai kujang ta mutanen Sunda da ke cikin tambarin lardin Jawa ta Yamma, da kerambit ta Minangkabau mai kama da farcen damisa, da tumbuk lada da sewar na Sumatra. Kerambit ita ce za ki fi yin taka-tsantsan da ita, domin masana'antu sun cika kasuwa da irin ta zamani da ba ta da alaƙa da ƙirar gargajiya.

Ko wacce kika fara da ita, ki buɗe mata shafi a littafi tun ranar da ta shigo hannunki: tsawon ruwan da santimita, adadin lanƙwasa idan akwai, itacen kube da na ƙota, ranar saye, abin da kika biya da rupiya ko ringgit, da hoton fuska biyu. Abin da mai sayarwa ya faɗa ki rubuta shi a gefe ɗaya da sunan maganarsa, abin da idonki ya gani kuma a ɗaya gefen, ki bar fili a ƙasa domin gyaran da za ki yi bayan shekara biyu.